Idan Gubar Ƙwayoyin Cuta Ta Shiga Jinin Dabba: Matakan da Za Ka Bi Kafin Likita Ya Iso da Bayan Ya Tafi

Daga lokacin da aka fara turka ragunan layya har zuwa bayan hawan Sallah, kusan tambaya ɗaya ake yi mini a nan Daura, dabbar ce kawai ke canzawa. Wani ragonsa ne ya fasa buhun gero da dare, wani dokinsa ne ke birgima bayan an cika masa dawa, wani kuma Ardo ne daga wajen Mai'aduwa, saniyarsa ta haihu shekaranjiya, yau ta ƙi tashi. Ƙarshen zancen duk ɗaya ne: "Malam, mun yi allura har biyu, jikin ma ya huce, amma ga shi a kwance." Amsar ta fi ƙarfin a ba da ita a tsaye bakin kara, shi ya sa na zauna na jera ta.

Abu ɗaya nake so ka riƙe kafin mu shiga matakan. Akwai wani rukunin bakteriya, irin su Ikolai, Salmonela da Fasturela, waɗanda fatarsu ta waje ke ɗauke da gubar da likitoci ke kira endotoksin. Suna nan jibge a tumbi da hanjin lafiyayyar dabba, bangon hanji ya tsare su, ɗan abin da ya tsallake kuma hanta ta tace. Ranar da suka mutu da yawa lokaci guda, ko bangon hanjin ya lalace, ko suka hayayyafa a hantsa, mahaifa ko cibiya, sai gubar ta malala cikin jini. Fararen ƙwayoyin jini na gane ta nan take, su saki sinadaran yekuwa zuwa ko'ina a jiki. Zazzaɓi ya tashi, jijiyoyin jini su saki su fara yoyo, ruwa ya gudu daga cikin jini, ƙarfin bugunsa ya faɗi, ƙoda da huhu da kofato su rasa rabonsu. Kamar mai gadi ne da ya ji motsin ɓarawo ya cinna wa rumbu wuta. Allurar kashe ƙwayoyin cuta ba ta taɓa gubar da ta riga ta fita, kuma doki da saniya da tunkiya sun fi kaza saurin faɗuwa da ita nesa ba kusa ba. Duk tsarin da ke ƙasa a kan wannan aka gina shi.

Kayan da za ka tanada tun dabba na lafiya

Ma'aunin zafin jiki mai batir, irin na kemis. Agogo ko wayar da ke nuna daƙiƙa. Tocila. Ƙunshin hoda ta gishiri da gulukos ta masu zawo, aƙalla guda goma. Kwalba mai bakin roba ta shayar da maraƙi. Aidin. Sababbin sirinji da allurai a cikin ledarsu. Awon tela. Littafi da biro. Lambar wayar likitan dabbobi ko malamin dabbobi biyu, don ɗaya na iya zama a hanya. 

Mataki na 1: Tsaya ka duba, sannan ka ware

Kafin ka taɓa dabbar, tsaya daga nesa minti biyu. Tana tuƙa? Kunnuwa a tsaye ko a zube? Numfashi na sauri? Akwai rawar tsoka a kafaɗa ko cinya? Doki yana waiwayar cikinsa, yana tonon ƙasa, yana gumi? Duba kashin da ke ƙasa, launinsa da warinsa, da ko akwai ƙwayar hatsi a ciki.

Sai ka kai ta inuwa, wuri mai iska, nesa da sauran, da bokitinta daban. In ba ta iya tafiya, a yi mata rumfa inda take maimakon a ja ta a ƙasa.

Gargaɗi: zawon Salmonela na kama mutum. Wanke hannu da sabulu bayan kowane taɓi, yara kuma kada su yi wasa a wurin.

Mataki na 2: Auna abubuwa biyar, ka rubuta

A nan aikin yake, kuma nan mutane suka fi tsallakewa su tafi kai tsaye kemis.

Na farko zafin jiki. Shafa ɗan mai a bakin ma'aunin, sa shi a dubura, ka karkata shi ya taɓa bango don kada ya zauna cikin kashi, ka jira ya yi ƙara. Lafiyayyar saniya tana tsakanin 38 da 39.3, maraƙi kan kai 39.5, tumaki da awaki kusan 38.5 zuwa 40, doki kuwa 37.5 zuwa 38.5. A bazarar Daura dabbar da ta wuni a rana za ta nuna sama da haka ko lafiyarta ƙalau, don haka a bar ta rabin awa a inuwa tukuna.

Gargaɗi mafi girma a wannan jagorar: zazzaɓin wannan guba na tashi da farko, bayan 'yan awanni ya sauka, har ya gangara ƙasa da na lafiya. Saukar nan mutane ke ɗauka sauƙi ne. Ni ma a farkon aikina na taɓa ce wa wani dattijo, "Baba, kwantar da hankalinka, zafin ya sauka," alhali saniyar tana 37.4 kunnuwanta kamar ruwan randa. Ba ta kai asuba ba, kuma har yau abin na damuna. In zafi ya sauka dabba ta miƙe tana cin abinci, wannan sauƙi ne. In ya sauka tana kwance, kunne da ƙafa da bakin hanci sun yi sanyi, jini ne ya daina zagayawa yadda ya kamata.

Na biyu bugun zuciya. Ɗora tafin hannu a ƙirji bayan gwiwar hannun hagu, ko ka laluba jijiya a ƙarƙashin muƙamuƙin doki, ko cikin cinyar rago. Ƙirga na daƙiƙa 15 ka ninka huɗu. Doki mai hutawa 28 zuwa 44 ne a minti. Ya wuce 60 magana ta yi girma, ya wuce 80 kuwa ransa na cikin haɗari. Babbar saniya 60 zuwa 80. Ta haura 100 a gaggauta. Tumaki da awaki 70 zuwa 90.

Na uku dasashi. Ɗaga leɓe ka haska. Mai lafiya ruwan hoda ne, da danshi. Danna da yatsa har wurin ya yi fari, ka saki: launi ya kamata ya dawo kafin daƙiƙa 2. Ja wur kamar jan bulo, ko launin toka, ko shuɗi-shuɗi, ko a bushe yana manne wa yatsa, duk alamun gubar ne. A doki akan ga wani siririn layi mai duhu ya zagaye gindin haƙoran gaba. In baƙin dasashi ne da dabbar, duba cikin fatar ido ko cikin farji.

Na huɗu ruwan jiki. Tsunkuli fatar wuya ka ɗaga ka saki. Ta koma nan take, lafiya. Ta tsaya daƙiƙa 5 ko fiye, ido kuma ya faɗa har ka ga rami tsakaninsa da fatarsa, dabbar ta rasa kusan kashi 8 cikin 100 na nauyinta a ruwa. Ga maraƙi da ɗan rago, sa wankakken yatsa a baki ka ji ko zai tsotsa da ƙarfi. Riƙe amsar, za mu dawo kanta.

Na biyar motsin ciki. Dunƙule hannu ka danna a ramin kuiɓin hagu na saniya ko rago, ka jira minti biyu. Tumbi mai aiki zai ture hannunka sau biyu ko uku. Shiru, ko ka girgiza ka ji ruwa na kaɗawa, tumbin ya tsaya. A doki kara kunne a kuiɓi biyun ka saurari ƙugi.

Rubuta duka da lokacin da ka auna. Za ka maimaita bayan kowace awa biyu, kuma inda lambobin suka dosa ya fi lambar farko amfani.

Mataki na 3: Nemo ƙofar da gubar ta shigo

Yawanci ɗaya ce cikin biyar, kuma tambayar mutanen gida kan fito da ita da sauri.

Hatsi: an fasa buhu, an ƙara dusa ko masara farat ɗaya, ko an juye wa rago ragowar tuwo da ƙanzon biki? Hatsin na tsami a tumbi, tsamin ya kashe bakteriya masu yawa ya kuma ƙone bangon tumbin. Alamu kan fito cikin awa 12 zuwa 36, da zawo mai tsamin wari.

Hantsa: tatsi kowane kan nono a tafin hannu. Ɓangare ɗaya ya kumbura ya yi zafi, abin da ke fita kuma ruwa-ruwa ne rawaya kamar ruwan shayi mara madara.

Mahaifa: ta haihu cikin kwana 10 da suka wuce, ana ganin jan ruwa mai ɗoyi, ko mabiyiya ba ta faɗo ba. Saniya in ta wuce awa 24 da mabiyiya a kira likita. Goɗiya kuwa awa 3 kacal ake ba ta.

Jariri: maraƙi ko ɗan rago ko duƙushi da bai sha dakashi da wuri ba, yana zawo, cibiya ta kumbura, ko gwiwa ta yi zafi. Ɗan rago mai kwana ɗaya zuwa uku da yawu ya jiƙe masa haɓa, ciki ya kumbura, ya daina tsotso, shi ma wannan gubar ce.

Huhu da maƙogwaro: an sauko da dabba daga mota bayan doguwar tafiya, tana tari da nishi, ko maƙogwaro ya kumbura da damina.

Gargaɗi: ba kowane zazzaɓi ne wannan ba. Sammore, cutar kaska mai sa jan fitsari, harbin daji da ciwon saifa kowanne da nasa magani. Dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya baƙin jini na fita ta hanci da dubura, kada a feɗe ta ko kaɗan, a sanar da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma.

Mataki na 4: Kira likita yanzu, da lambobi a hannu

Kada ka ce "ba ta da lafiya" ka yi shiru. Ka ce: "Likita, saniya ce mai kwana uku da haihuwa, zafi 37.6, zuciya 108, ido ya faɗa, tumbi shiru, nonon baya na dama ruwa yake fitarwa, ta kwanta tun azahar." Da wannan zai san ledar ruwa nawa zai ɗauko, ba sai ya zo ya koma ba. Faɗa masa gaskiyar duk abin da aka riga aka ba ta, har jiƙo da allurar da maƙwabci ya yi, da ko tana da ciki.

Zai tambayi nauyi. Auna zagayen ƙirji daf da bayan hannuwa, da tsawo daga gaban kafaɗa zuwa ƙashin gindi, duka da santimita. Zagayen ƙirji sau kansa, sau tsawon, a raba da 10,840 ga saniya, ko 11,880 ga doki, ya ba ka kilo a ƙiyasce.

Mataki na 5: Ruwa kafin kowace allura

Tunda ruwa ne ya tsere daga jini, mayar da shi ne babban magani. Yadda za a mayar ya danganta da amsar tsotson nan.

Maraƙin da ke tsotso kuma yana iya ɗaga kai: dama hodar gishiri da gulukos yadda aka rubuta a ƙunshin, da tafasasshen ruwan da ya huce ya zama ɗumi-ɗumi. Maraƙin Bunaji mai kilo 25 a ba shi lita 1 zuwa 1 da rabi, sau uku ko huɗu a wuni, a tsakanin lokutan shan nono. Ɗan rago ko ɗan akuya kusan mililita 50 ga kowane kilo a kowane shayarwa. Hodar da aka yi domin dabbobi ta fi, amma ta mutane ma tana ceto in ita ce a hannu.

Gargaɗi biyu a nan. Kada a haɗa da sukarin shayi, domin cikin jaririn maraƙi ba ya narkar da shi, zawon zai ƙaru. Gulukos ake so. Kuma kada a hana shi nonon uwarsa da sunan tsayar da zawo, ruwan gishirin ba abinci ba ne, yunwa za ta gama da shi.

Wanda ya daina tsotso, ko ya kwanta a gefe, ba a ɗura masa komai. Ba ya haɗiya, abin zai bi ta huhu. Nasa sai ƙarin ruwa ta jijiya. Kafin likita ya iso a lulluɓe shi da buhu ko bargo, musamman da hunturu, a jingina shi a kan ƙirjinsa.

Babbar saniya kuma lissafinta ne ke ba mutane tsoro. Mai kilo 350 da ta rasa kashi 8 cikin 100 tana bin bashin lita 28, wato leda 56 ta rabin lita. Ba kowa zai iya ba, kuma a nan mafi yawan kuɗin jinyar ke tafiya. Hanyoyi biyu ke rage shi. Likita na iya zura tiyo ta baki har tumbi ya ɗura lita 20 zuwa 30 na ruwa mai gishiri, in tumbin na aiki. Ko ya yi amfani da ruwan gishiri mai kauri, mai kashi 7.2 cikin 100, mililita 4 zuwa 5 ga kowane kilo ta jijiya, wanda bai kai lita 2 ba ga wannan saniyar. Yana janyo ruwa zuwa cikin jini yana sa ƙishirwa, don haka dole bokiti biyu su kasance a gabanta. Tambaye shi wanne ya dace. Leda biyu ta rabin lita a jikin babbar saniya kuɗi ne aka kashe ba tare da an taɓa matsalar ba.

Togaciya ɗaya: rago ko saniyar da ta ɓarke hatsi kuma tana tsaye, ba a sakar mata ruwa ta sha iya sonta a wunin farko. Tumbin na cike da tsami yana zuƙo ruwa, in ta ƙara sai ya ƙara kumbura. A ba ta kaɗan-kaɗan, sauran a bar wa jijiya.

Mataki na 6: Allurar kwantar da kumburi

Wannan ce ke rage yekuwar da jiki ke yi wa kansa. Waɗanda aka saba da su fuluniksin, meloksikam da ketofurofen. A shanu fuluniksin miligiram 1.1 zuwa 2.2 ne ga kilo ta jijiya, meloksikam 0.5 ga kilo. A doki fuluniksin 1.1 ga kilo. Na kawo lambobin don ka gane abin da likita ke yi, ba don a miƙa wa yaro sirinji ba.

Gargaɗin da ke tare da wannan mataki suna da yawa, kuma kowanne na ga ya ci dabba. Waɗannan magunguna na rage jinin da ke zuwa ƙoda, saboda haka a bushasshen jiki suna iya kashe ta. Shi ya sa ruwa ya zo a gaba. Ba a haɗa biyu daga cikinsu, ba a kuma haɗa su da deksametason, wata allurar kumburi ta wani rukuni daban, gyambon ciki ke biyo baya. Deksametason ɗin kansa, wanda ake sayarwa ko'ina a kasuwannin dabbobi, yana zubar da cikin saniya da tunkiya da akuya in cikin ya tsufa, a doki kuma ana tsoron ya ƙara haɗarin ciwon kofato. Fuluniksin ba a yi wa doki shi a tsoka, yana iya jawo ruɓewar naman wurin. Sannan yana ɓoye ciwo, doki ya natsu alhali hanji na nan a murɗe, don haka auna zuciya da dasashi ka rubuta kafin a yi allurar.

Daikulofenak kuma, wanda shi ma maganin ciwo da kumburi ne irin su fuluniksin, ina roƙon a bar shi. Ungulun da ta ci mushen dabbar da aka yi wa shi tana mutuwa da ciwon ƙoda. Shi ya kusa ƙarar da ungulayen Indiya har aka hana amfani da shi ga dabbobi a can a 2006. Namu ungulayen ma ga yadda suka yi ƙaranci a mahauta.

Mataki na 7: Maganin kashe ƙwayoyin cuta, in da buƙata

Ya zo na bakwai da gangan. Jaririn da cutar ta shiga jininsa, saniya mai ruɓaɓɓiyar mahaifa ko mummunan ciwon hantsa, da mai ciwon huhu, suna buƙatarsa, likita ne zai zaɓa. Fenisilin kaɗai ba ya yi wa Ikolai abin kirki. Jentamaisin na iya yi, amma shi ma maƙiyin busasshiyar ƙoda ne. A cika adadin kwanakin da aka faɗa, da cikakken awo daidai nauyi.

Gargaɗi kan ruwan dama magani: tafasawa na kashe bakteriya amma gubar fatarsu ba ta jin tafasa, sai busasshen zafi mai kai digiri 250 na rabin awa ke lalata ta. Wanda ya dama hodar allura da ruwan leda ko na rijiya, ko ya haɗa nasa ruwan jijiya a gida, yana iya zuba gubar da hannunsa. Dabbar ta fara rawar ɗari da haki cikin awa guda, a ce magani ne ya yi ƙarfi. Ruwan allura na kemis, rufaffe, da sabon sirinji.

Duba kwanakin jira da aka rubuta a kwalba kafin a sha nono ko a ci nama. Inna mai tallan nono ma za ta gaya maka, madarar da ke da saura magani ba ta kama kindirmo da kyau.

Mataki na 8: Toshe ƙofar

Ciwon hantsa: tatse ɓangaren da ya kamu tas bayan kowace awa biyu zuwa uku a wunin farko, a cikin gwangwani, a zubar nesa. Kowane tatsa guba ce ka fitar. Tatsi masu lafiyan tukuna, mai ciwon a ƙarshe, maraƙi kuma kada ya sha shi.

Mahaifa: kada a ja mabiyiya, kada a ɗaura mata dutse ko takalmi, kada a zura hannu mara safar roba. Ja na yaga bangon mahaifa ya buɗe wa gubar hanya. Abin da ke lilo har ƙasa a yanke shi daidai gwiwar baya ga saniya, ga goɗiya a ƙulle shi sama don kada ta taka.

Hatsi a rago da saniya: kwashe duk hatsi da dusa, a bar harawa ko busasshiyar ciyawa kawai. In an gano da wuri dabbar na tsaye tana haɗiya, likita kan ba da maganin kashe tsami ta baki, kusan giram 1 ga kowane kilo. Kanwa na kashe tsami, gaskiya ne, amma ƙarfinta ya bambanta daga dunƙule zuwa dunƙule, kada a yi ta ɗurawa ba awo. Wanda ya yi tsanani sai an wanke tumbin ko an buɗe shi. Dabarar da nake so, kuma kusan kyauta ce: a samo ruwan tumbin lafiyayyar dabbar da aka yanka yanzu a mahauta, a tace, a ba shi da ɗuminsa bayan tsamin ya lafa, don mayar da ƙwayoyin narkar da abinci.

Doki: cire abinci duka. Doki ba ya amai, in ciki ya cika sai likita ya zura tiyo ta hanci ya rage. Kada a ɗaga kansa a ɗura man gyaɗa ko manja da kwalba, mai in ya shiga huhu ba ya fita.

Mataki na 9: Kofaton doki

Mai doki ya karanta wannan sau biyu. Dokin da ya tsira daga ciwon ciki, ko goɗiyar da mabiyiya ta daɗe mata, kofato kan kama bayan kwana ɗaya zuwa uku, domin naman da ke riƙe ƙashi da kofato yana kumbura ya saki. In ya saki, dokin da ka yi wa tanadin hawan Magajiya ko Gani ƙila ba zai sake ɗaukar sirdi ba.

Ba a jira alama. Tun daga ranar farko a tsoma ƙafafun, musamman na gaba, cikin ruwa mai ƙanƙara har kusa da gwiwa, ba yankewa, awa 48 zuwa 72. Doki na jure wannan sanyin. Zuba ruwan sanyi minti goma safe da yamma ba ya wadatarwa. Ana iya yanka tsohon tub na mota a ɗaure ƙasansa, ko a yi amfani da jarka da aka yanke, a riƙa ƙara ƙanƙara. Kuɗin ƙanƙarar kwana uku da wahalar samunta ba kaɗan ba ne, a yi magana da mai sayarwa tun da wuri, a kuma raba kwana tsakanin mutum biyu.

Shimfiɗa masa rairayi mai laushi, mai zurfi, wanda ba mu rasa shi a ƙasar nan. Sau uku a rana taɓa kofato ka ji zafi, ka laluba jijiyar bayan idon sawu ka ji ko tana bugawa da ƙarfi. In ya fara miƙa ƙafafun gaba yana jingina baya, ko yana ɗaga wannan ya sauke waccan, kada a zagaya da shi don "ya warware". Tafiya na ƙara yaga naman.

Mataki na 10: Jinyar kwana uku

Saniya ko ragon da ke kwance a jingina shi kan ƙirji da buhun ƙaiƙayi, kada ya miƙe a gefe tumbi ya kumbura. A juya shi ɗaya ɓangaren bayan kowace awa uku zuwa huɗu. Lura da fitsari. Dabbar da ta sha ruwa ta yi fitsari mai yawa ƙodarta na aiki. Kunne ya yi ɗumi, zuciya na sauka, tuƙa ta dawo, an kama hanya. Fara da ɗanyen ganye da harawa, hatsi sai bayan mako, shi ma da tafin hannu. Mai ciki a sa mata ido, gubar na iya sa ta ɓari bayan 'yan kwanaki ko da ta warke.

In bayan awa 24 na cikakken magani zuciya na hawa, jiki na ƙara sanyi, ba fitsari, ku zauna da likita ku yi maganar gaskiya kan ko a ci gaba.

Gargaɗi kan wuƙa: na san zafin asara, na kuma san al'adar a yanka kafin ta zama mushe. Amma dabbar da cuta ta gama zagaya jininta, ga allurai uku a jikinta, namanta bai dace da cikin mutum ba, a gida ko a kasuwa. A haƙa rami mai zurfi a binne.

Mataki na 11: Sauran garken

Abin da ya kayar da ɗaya yana nan yana jiran saura. Jariri ya sha dakashi kusan kashi 10 cikin 100 na nauyinsa cikin awa 6 na farko, wato lita 2 zuwa 2 da rabi ga maraƙinmu, domin bayan awa 24 hanjinsa ya rufe, garkuwar da ke ciki ba ta ƙara shiga jini. Masu tatse dakashi su zubar don wai yana sa zawo su daina, don Allah. A tsoma cibiya cikin aidin ranar haihuwa, wurin haihuwa kuma ya zama busasshe.

Rigakafin da aka yi da irin waɗannan bakteriya, kamar na cutar kumburin maƙogwaro da cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato ke yi, yana ɗauke da ɗan gubar a cikinsa. A yi shi da sanyin safiya, ga dabba mai lafiya da ta huta, kada a tara irinsa fiye da biyu rana ɗaya, kuma kwalbar da ta daskare ko ta sha rana a jefar.

Ragon da ka sayo daga Mai'aduwa ko Charanci jiya ciyawa ya sani. Kwana uku na farko harawa da ruwa kawai. Daga nan dusa cikin tafin hannu safe da yamma, ana ƙarawa kaɗan bayan kowane kwana uku, har mako biyu zuwa uku kafin ya kai cikakken awo, kuma kullum harawa ta riga hatsi shiga ciki. Dokin hawa ma haka, a raba dawarsa kashi uku a wuni maimakon a zuba masa lokaci guda. Ɗakin da buhunan suke a sa masa sakata daga sama, inda akuya ba ta kaiwa.